Kamfaninka Na Da Rai? Wa Zai Shaida?

  Na gida da na kan hanya, da Alhaji da ke shirin rufe shago, da uwargida da ke lissafin cinikin yau a tsakar gida, ina yi muku sallama da fatan an wuni lafiya.

Yau maganarmu a kan wata takarda ce. Takarda guda, wadda da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba su taɓa jin labarinta ba sai ranar da aka ce su kawo ta. Ranar da aka ce ka kawo ta kuwa, yawanci lokaci ya riga ya ƙure.

Ita ce takardar da hukuma ke bayarwa ta shaida cewa kamfani yana nan da ransa, kuma ya sauke duk abin da doka ta ɗora masa. A Najeriya, Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ita ke bayar da ita. Idan ka je nema, sunanta a wurinsu Letter of Good Standing. Mu a nan za mu riƙa ce mata takardar shaidar cika ƙa'ida.

Na san yanzu wani yana cewa a ransa, ai Malam ni ina da satifiket. Na yi rajista tun shekarun baya. Ga shi can ma na sa masa gilashi na rataye a ofis.

Madalla, Alhaji. Ka kyauta. Amma ka saurare ni da kyau.

Satifiket ɗin rajista kamar takardar haihuwa ne. Takardar haihuwa tana faɗin ranar da aka haifi mutum, da sunan da aka raɗa masa. Ba ta faɗin ko yana raye yau. Ba ta faɗin ko yana da lafiya. Haka satifiket ɗinka yake. Yana cewa an kafa wannan kamfani a rana kaza. Daga nan ya yi shiru. Mai son ya san halin da kamfanin ke ciki a bana, wata shaidar zai nema.

Wannan shi ne ginshiƙin zancenmu, kuma zan yi ta maimaita shi. Rajista aikin yini ɗaya ne. Cika ƙa'ida aikin kowace shekara ne.

To, kafin mu shiga ofis, bari mu ɗan leƙa baya, don kada wani ya ɗauka cewa neman shaida baƙon abu ne a kasuwancinmu.

Tun zamanin fatake, Bahaushe ba ya ba baƙo kaya bashi sai da wanda ya tsaya masa. Mai tafiya Gwanja sayen goro, da mai kora shanu zuwa Kurmi, kowa yana da maigidan da yake sauka a wurinsa. A unguwar Sabo ta Ibadan da sauran zangunan Kudu, maigida ne ke ba baƙo masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya tsakaninsa da mahauta. Idan mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ya san gidansa, ya san halinsa, ya san ko ya taɓa cin amanar wani. Kalmar maigida ita ce takarda. Har gobe a kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau, tambayar farko ita ce, wa ya san ka? Wa zai tsaya maka?

Abin da ya sauya shi ne nisan ciniki. Yau mai sayen riɗinka yana iya zama a Turkiyya ko Japan. Mai sayen zoɓorodonka yana Meziko. Mai sayar maka da yadi yana birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ba su san maigidanka ba. Ba su san limamin unguwarku ba. Ba za su iya zuwa majalisarku su tambayi halinka ba. Wanda za su iya tambaya shi ne gwamnatin ƙasarka. Saboda haka hukuma ta zama mai tsayawa. Hukuma kuwa ba ta san fuska ba, ba ta san zumunci ba. Abin da ke cikin fayil ɗinka kawai ta sani.

Yanzu tambaya ta farko. Su wa ke neman wannan shaida?

Banki na iya nemanta idan ka je neman rance ko za a sabunta bayanan asusun kamfani. Abokin hulɗa na ƙasar waje na iya nemanta kafin ya sa hannu a yarjejeniya. Idan kana son buɗe reshe a wata ƙasa, hukumominsu za su so su ga cewa a gida ba ka da matsala. Mai son zuba jari a harkarka, lauyansa zai fara da ita. Ƙungiyoyin agaji da ke ba da tallafi ko kwangilar kawo kaya, su ma sukan bincika. Ba kowa ne zai kira ta da suna ɗaya ba. Wani wasiƙar zai nema, wani rahoton matsayin kamfani zai ce ka kawo, wani kuma shi da kansa zai shiga shafin hukumar ya duba sunanka kana zaune a gabansa. Duk tambayar ɗaya ce. Kamfanin nan yana da rai?

Ku lura da wannan na ƙarshen. Shafin binciken CAC a buɗe yake ga kowa. Duk mai waya da intanet zai iya rubuta sunan kamfaninka ya ga abin da ya fito. A gefen sunan za a rubuta Active ko Inactive, wato mai aiki ko wanda ya kwanta. Wanda kuke ciniki da shi yana iya ganin kamfaninka a kwance tun kafin kai ka sani. Ba zai gaya maka ba. Sai dai ka ga waya ta daina shigowa.

To, sai tambaya ta biyu, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Me hukumar ke dubawa kafin ta ce ka cika ƙa'ida?

Babban abu shi ne rahoton shekara-shekara. Doka ta wajabta wa duk abin da aka yi wa rajista ya riƙa sanar da hukumar halin da yake ciki sau ɗaya a shekara. Dokar kamfanoni ta 1990, wadda ta kafa CAC, ta tanadi haka. Sabuwar dokar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ba ta cire shi ba.

Mene ne a cikin rahoton? Ba wani abin tsoro ba ne. Ana so a san cewa kamfanin yana nan. Ina adireshinsa. Su wane ne daraktoci. Su wane ne masu hannun jari. Sai kuma bayanin lissafin kuɗi na shekarar, wanda aka sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni.

Lokacin miƙa shi ya bambanta. Idan sunan kasuwanci ka yi wa rajista, irin wanda yawancin masu shaguna da teloli da masu POS ke yi, wa'adinka 30 ga watan Yuni ne a kowace shekara, ban da shekarar da ka yi rajistar. Idan kamfani ne limited mai yin taron shekara na masu hannun jari, to kwana 42 ne bayan taron. Ƙananan kamfanoni da sabuwar doka ta ɗauke wa wajabcin taron, ba ta ɗauke musu rahoton ba. Ƙungiyoyi kuwa, irin na masallatai da makarantun Islamiyya da na ci gaban gari, nasu lokacin daga ƙarshen Yuni ne zuwa ƙarshen Disamba. Shugabannin ƙungiyoyi, wannan ya shafe ku. Sau da yawa ƙungiya takan yi rajista don buɗe asusun banki, daga nan a jefa fayil a durowa, sai ranar da mai ba da tallafi ya nemi shaida a fara kallon-kallo.

Akwai rashin fahimta guda biyu da nake son mu warware yau.

Na farko, mutane suna ɗaukar rahoton shekara a matsayin haraji. Ba haraji ba ne. Hukumar da ke karɓarsa daban, hukumar haraji daban. Mutum zai ce maka, ai na biya kuɗin haraji, na biya na ƙaramar hukuma, na biya na kasuwa. Duk ka biya, Alhaji, amma babu ko ɗaya da ya isa teburin CAC.

Na biyu, mutane suna cewa, ai kamfanin bai yi aiki ba bana, me zan kai? Ko sisi bai shigo ba. To doka ba ta ce sai wanda ya ci riba ba. Ko kwabo ba ka juya ba, za ka je ka ce, ga ni nan, ban yi ciniki ba. Wannan ma rahoto ne. Shirun shi ne laifi. Kowace shekarar da ka yi shiru, akwai tara da ke hawa. Ta bana ta hau kan ta bara, ta bara ta hau kan ta bara waccan. Ranar da ka zo neman takardar shaida, sai an biya duka, shekara bayan shekara, kafin a saurare ka.

Rajista aikin yini ɗaya ne, jama'a. Cika ƙa'ida aikin kowace shekara ne.

Idan shirun ya yi tsawo fa? Doka ta ba hukumar ikon goge sunan kamfanin da ya yi shekara goma a jere bai kai rahoto ba. Kuma ba barazana ba ce kawai. A 2023 hukumar ta bayyana aniyarta ta goge kamfanoni wajen dubu ɗari, ta wallafa sunaye, ta ba da wa'adi, daga baya kuma ta zartar a kan waɗanda ba su motsa ba. Kamfanin da aka goge, a idon doka an rushe shi. Dawo da shi sai an bi ta Babbar Kotun Tarayya, da lauya, da kashe kuɗi, da jira. Ku yi tunanin mutumin da ke da fili ko asusun banki da sunan irin wannan kamfani.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne masu iko na haƙiƙa. Wannan sabo ne, kuma ya kama mutane da yawa. Yanzu dole kamfani ya bayyana wanda ke juya akalarsa a zahiri. Duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin ɗari na hannun jari ko fiye, sai an rubuta shi. An ƙaddamar da rajistar waɗannan mutane a 2023, kuma manufar ita ce a rage masu ɓuya a bayan sunan direba ko ɗan ƙane su wawure dukiyar jama'a. Kamfanin da bai bayyana nasa ba, ana iya nuna shi a kwance ko da ya kai rahoton shekara, kuma ba za a ba shi takardar shaidar cika ƙa'ida ba. Ni a ganina wannan tanadi ya dace. Mai gaskiya ba ya asarar komai idan an san shi ne mai kamfani.

Abu na uku shi ne daidaiton bayanai. A nan nake son iyalai su buɗe kunne.

Ga misali da za ku iya samu a kowane gari. Uba ya kafa kamfani, ya sa kansa da uwargida da babban ɗa a matsayin daraktoci. Allah Ya yi masa rasuwa. Aka yi zaman makoki, aka raba gado bisa shari'a, 'ya'ya suka ci gaba da harka. Amma babu wanda ya koma hukuma. A fayil, marigayi yana nan a matsayin darakta, hannun jarinsa yana nan da sunansa. Shekaru suka shuɗe. Ranar da babbar kwangila ta zo, aka ce a kawo shaida, sai a tarar sai an nemo takardar mutuwa, sai an nemo takardar kotu ta masu kula da gado, sai an tara magada, wani yana Legas, wata tana aure a Yamai. Abin da za a yi cikin sauƙi a shekarar rasuwa ya zama aikin watanni. Wani lokaci ma ya tono rigimar da aka binne.

Haka idan ka tashi daga shagon da ka rubuta a rajista. Haka idan abokin tarayya ya fita. Duk sauyi, a sanar da hukuma da wuri.

To, mu juya ga yadda ake samun takardar. Wannan ɓangaren gajere ne, domin idan fayil ɗinka tsaf yake, babu wani dogon labari.

Tun farkon 2021 harkokin CAC suka koma kan intanet. Ba sai ka ɗauki mota zuwa Maitama a Abuja ba. Ana shiga shafin hukumar, a ɓangaren hidimomin bayan rajista, a nemi takardar, a biya kuɗin da aka ƙayyade ta hanyar biyan gwamnati, ba a hannun wani mutum ba. Mai kamfani zai iya yi da kansa. Zai kuma iya wakilta wanda hukumar ta amince da shi, wato lauya, ko akanta, ko ƙwararren sakataren kamfani. Kuɗin yakan sauya, don haka a duba jadawalin hukumar a ranar da za a biya. Idan babu abin da ake binka, takarda ta fito. Idan akwai, a ce ka je ka gyara.

Akwai kuma rahoton matsayin kamfani, wanda ya maye gurbin tsofaffin fom-fom ɗin da dattawanmu suka sani, irin su CAC 2 da CAC 7. Shi yana nuna daraktoci da masu hannun jari da adireshi kamar yadda suke a yau. Bankuna sun fi tambayar wannan. Kafin ka kashe kuɗi, ka tambayi mai neman shaidar, wacce kake so daga ciki? Kuma ka tambaye shi, ta wane lokaci? Domin irin wannan takarda tana tsufa. Shaida ce ta ranar da aka bayar da ita. Wadda ka karɓa bara ba lallai a karɓe ta bana ba.

Yanzu kuma sai batun haraji, domin shaidar CAC ba ta tafiya ita kaɗai.

'Yar uwarta ita ce takardar shaidar biyan haraji. Ita tana duba shekaru uku da suka gabata. Kamfani limited yana karɓar tasa daga hukumar haraji ta tarayya, wadda muka sani da FIRS, wadda sabbin dokokin haraji na 2025 suka mayar da ita Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Najeriya. Mai sunan kasuwanci kuwa, hukumar harajin jiharsa zai nufa, domin a idon doka shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne.

A nan ma akwai tarko irin na ɗazu. Tun dokar kuɗi ta 2019 aka yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba. Mutane suka ji an yafe, sai suka daina zuwa. Alhali biya aka yafe, ba a yafe kai bayani ba. Wanda bai kai bayaninsa ba, ba shi da abin da za a duba a ba shi shaida.

Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya kuwa, nasa kayan sun fi haka yawa. Ku duba kowace sanarwar neman 'yan kwangila a jarida, za ku ga ana neman shaidar hukumar fansho, da ta asusun horar da ma'aikata, da ta asusun inshorar ma'aikata, da rajista da hukumar sa ido kan kwangiloli wadda dokar 2007 ta kafa. Yawancinsu ƙarshen Disamba suke ƙarewa. Ɗan kwangilar da ya san aikinsa, a farkon shekara yake sabunta su, ba ya jiran sai an buga sanarwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wa'adin sanarwa 'yan makonni ne, kuma ba a ƙara wa mutum kwana don takardarsa ta maƙale.

Ga masu fitar da kaya da masu hulɗa da ƙasashen waje, ƙarin bayani kaɗan. Wata ƙasar ba za ta karɓi takardar Najeriya haka kawai ba. Sai an kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an tabbatar da ita, sannan a kai ofishin jakadancin ƙasar su ma su buga nasu hatimin. Wani lokaci har da fassara. Ku sa wannan a lissafin lokacinku.

'Yan uwanmu da ke saurare daga Maraɗi da Damagaram da Yamai, ku ma kuna da irin naku. Rajistarku ta RCCM ce, a ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda kuka haɗa da Kamaru da Chadi. Mai neman kwangilar gwamnati a Nijar ya san ba ya zuwa ba tare da shaidar hukumar haraji ba. Na Kumasi da Accra ma suna kai rahoton shekara ga ofishin magatakardan kamfanoni. Sunaye ne suka bambanta.

To jama'a, yanzu mun zo wurin da ya fi damuna. Batun ejan.

Yawancin mutanenmu ba da kansu suka yi rajista ba. Wani yaro ne a shagon kwamfuta ya yi musu, ko wani ɗan uwa da ya iya boko. Wannan ba laifi ba ne. Da yawansu masu amana ne, kuma sun taimaki jama'a, musamman a 2024 lokacin da aka matsa wa masu POS su yi rajista. Amma ga inda gizo ke saƙa. Wani ejan, da imel ɗinsa da lambar wayarsa yake buɗe maka komai. Duk saƙon da hukuma za ta aiko, shi yake samu. Idan ya bar gari, ko ya sauya layi, ko kuka ɓata, ka rasa hanyar shiga fayil ɗin kamfaninka. Kai ne mai kamfani, amma mabuɗin yana aljihun wani.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ka ba mutum kuɗin rahoton shekara, ya kawo maka takarda mai kyan gani, har da tambari. Ka ajiye, hankalinka kwance. Ashe bai biya ko kwabo ba, a kwamfuta ya tsara ta. Ranar da banki ya bincika, kai ne za ka sha kunya. Kuma gabatar da takardar jabu laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, ko da ka ce ba ka sani ba, sai ka sha wahalar bayani.

Maganin wannan a hannunka yake. Takardun CAC na yanzu suna ɗauke da wani ɗan tambari mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya a tabbatar da ingancinsu. Ka haska. Ka nemi rasiɗin biyan gwamnati, ba na shagon ejan ba. Bayan an ce an gama, ka shiga shafin bincike ka ga ko matsayin ya sauya. Idan ba ka iya ba, ɗanka ko 'yarka da ke sakandare za su iya. Ba rashin yarda ba ne, ciniki ne. Wanda ke ƙirga kuɗi a gaban mai ba shi canji bai zage shi ba.

Hajiya mai sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, ke ma da ke nake. Mata da yawa sun yi rajista don samun tallafi ko asusun kasuwanci. Ki tabbata lambarki ce da imel ɗinki a fayil, ba na wani ba.

Kafin mu rufe, adalci ya sa in faɗi abu biyu, ɗaya ga masu karɓar takardar, ɗaya ga hukuma.

Ga masu karɓa. Kada ku ɗora wa takardar nan abin da ba ta ɗauka ba. Ba ta ce mai kamfanin mutumin kirki ne ba. Ba ta ce yana da kuɗi a banki ba. Ba ta ce ba a binsa bashi a kasuwa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, yana cikin rajista, kuma ya kai abin da ake bukata ya kai. Ɗan damfara ma yana iya kai rahotonsa a kan lokaci. Mun ga masu karɓar kuɗin jama'a da alkawarin riba mai ninki suna ɗaga satifiket ɗin CAC a matsayin hujja, alhali rajistar kamfani ba lasisin karɓar ajiya ko jarin jama'a ba ce. Wannan izini daga Babban Banki ko hukumar kula da hannayen jari yake fitowa. Saboda haka tsohuwar tambayar nan ta wa ya san ka, ba ta mutu ba. A haɗa biyun, a duba takarda, a kuma binciki hali.

Ga hukuma kuwa. An yi ƙoƙari wajen sauƙaƙa rajista, wannan gaskiya ne. Yau mutum ɗaya ma zai iya kafa kamfani shi kaɗai, abin da tsohuwar doka ba ta yarda da shi ba. Amma an fi ƙarfafa kiran mutane su zo su yi rajista fiye da gaya musu abin da ke biyo baya. Mutumin da aka miƙa wa satifiket ba a ce masa sai mun gan ka baɗi ba, in ya yi shiru ba shi kaɗai ke da laifi ba. Muna son a riƙa tura saƙon tunatarwa ta waya kafin wa'adi. Muna son bayani da Hausa da sauran harsunanmu, a rediyo da cikin kasuwanni, ta hannun shugabannin 'yan kasuwa. Kuma idan shafin intanet ya tsaya a lokacin da wa'adi ke ƙarewa, bai kamata tara ta hau kan wanda ya zo a kan lokaci ba.

Masu sauraro, lokaci ya kusa cimma mana. Ga abin da nake roƙonku.

Yau da dare, ko gobe da safe kafin a buɗe shago, ka ɗauki waya. Ka shiga shafin binciken CAC, ka rubuta sunan kasuwancinka. Idan ka ga yana aiki, ka gode wa Allah, ka rubuta watan da za ka kai rahoto na gaba a littafin da kake rubuta bashi. Idan ka gan shi a kwance, kada ka firgita, kuma kada ka jira. Ka nemi lauya ko akanta da ka yarda da shi, a lissafa shekarun da ake binka, a fara biya. Idan kuma kamfanin ka daina amfani da shi har abada, akwai hanyar rufe shi bisa ƙa'ida, ka bi ta.

Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, ku ɗauki maganar nan zuwa taronku na gaba. Matasa masu waya, ku duba wa iyayenku. Wanda ya ji kuma ya gaya wa maƙwabcinsa na shago.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kare mu daga asara.